Ba kullum tasi ta fi sauri ba

Yana damuna yadda matafiya da yawa suka ɗauka cewa in an sauka daga jirgin sama, tasi ce hanya mafi sauri zuwa tsakiyar gari. Suna da dalilinsu: ga gajiya, ga kaya, kuma har ƙofa za ta kai mutum.

Sai dai galibi a wajen gari ake gina filin jirgi, tasi kuwa titi ɗaya take bi da sauran motoci, cunkoso ya riƙe ta kamar kowa. Jirgin ƙasa ba ruwansa da wannan. A Landan, jirgin ƙasa na Heathrow Express minti 15 yake yi daga filin jirgi na Heathrow zuwa tashar Paddington da ke cikin gari, alhali mota tana iya shafe awa guda a lokacin tashi daga aiki.

Mai akwatuna uku da yara kam, tasi ta fi masa sauƙi.