Malik Badri bai ce a rufe asibiti ba

A Mai Wurno ko Gadarif da ke Sudan, idan matashi ya daina barci, ya ƙi abinci, ya koma zaman ɗaki, an san abin da ake fara yi: a kai shi wurin faki, wato malamin rubutu da tofi, a yi masa rubutu ya sha, a yi masa tofi. Wasu 'yan boko kuma, in za su kare tsayawa a nan, sai su jawo sunan Farfesa Malik Badri, masanin halayyar ɗan Adam ɗan Sudan, wai ai shi ma ya ce ilimin halayyar ɗan Adam na Turawa ne, ba namu ba. Da alama a bangon littafinsa suka tsaya.

Badri ɗan Rufa'a ne, haihuwar 1932, ɗan Babikir Badri da ya buɗe makarantar 'yan mata a garin a 1907. Ya yi karatu a Bairut da Ingila, ya koyar a Sudan da Riyad da Malesiya, inda ya rasu a Fabrairun 2021. A littafinsa na 1979, The Dilemma of Muslim Psychologists, ya soki masanan Musulmi da ke bin Turawa ido rufe, irin bin da hadisi ya kwatanta da shiga ramin damo. Amma wanda ya fi sha a hannunsa Freud ne, Baturen masanin halayyar ɗan Adam mai ɗaukar addini ruɗi. Dabarun da aka gwada aka ga amfaninsu kuwa, Badri da kansa ya yi wa marasa lafiya magani da su.

Wanda ke son abin amfani ya nemi fassarar da ya fitar a 2013 ta sashen kula da rai daga littafin Masalihul Abdani wal Anfus na Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a 934 Miladiyya. Balkhi ya raba baƙin ciki gida biyu. Akwai mai sanannen dalili, kamar rashin ɗa ko asarar dukiya. Wannan nau'in, nasiha da gyaran tunani na rage shi. Akwai kuma wanda ke saukar wa mutum haka kawai, ya kashe masa jiki da sha'awar komai; wannan Balkhi ya ce daga jiki yake, sai an haɗa da magani. Nan ne gidajenmu ke tuntuɓe. Sai a yi ta karanta wa mai nau'i na biyu ayoyin haƙuri, shi kuma ya ƙara da zargin kansa da raunin imani.

Ma'aunin likitoci a yau bai yi nisa da wannan ba. In ƙunci ya kai mako biyu kusan kullum, ga rashin barci da rashin cin abinci, a je asibiti. In mutum ya fara zancen kashe kansa, ranar za a je. Ƙwayoyin damuwa sukan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga canji, shi ya sa da yawa ke watsar da su a kwana goma su ce ba sa aiki. Ba a kuma yanke su lokaci ɗaya, likita ne ke ragewa a hankali.

Waswasi ma Balkhi ya ware masa babi. Mai maimaita alwala sau goma ba fatawa ya rasa ba. Abin yi shi ne ya wanke kowace gaɓa sau uku, ya ajiye buta, ya tashi. Zuciyarsa za ta yi ta dukan uku-uku, amma in ya daure bai koma ba, tsoron yakan sauka da kansa, kuma da maimaitawa yakan yi sauƙi. Abin da ke ɓata aikin shi ne ɗan'uwa ko malamin da ke amsa masa "alwalarka ta yi" duk lokacin da ya tambaya: sanyin amsar na minti kaɗan ne, ciwon kuma da ita yake ƙiba.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, gidaje da yawa na da yaron da ke firgita in an buga ƙofa da ƙarfi, likitocin ƙwaƙwalwa kuma da ma ba su da yawa. Faki ne mafi kusa, kuma haka zai ci gaba da zama. Dakta Tijani al-Mahi, wanda asibitin ƙwaƙwalwa na Omdurman ke ɗauke da sunansa, ya gane haka tuntuni, ya yi aiki tare da shehunnai maimakon faɗa da su. Abin da nake so limamai da malaman halwa, wato makarantar allo, su ɗauka daga Badri ƙarami ne: kafin a jiƙa allo, a tambayi iyaye tun yaushe abin ya fara, ko yana barci, ko ya taɓa cewa ya gaji da rayuwa.