Takarda da lokaci: abin da labarin baƙon mai zane yake ɓoyewa

Duk lokacin da aka karrama wani mai zane da ya yi suna a ƙasar da ba tasa ba, kusan labari ɗaya ake maimaita mana: ya sauka da 'yar jakarsa bai san kowa ba, ya yi wankin kwanuka, ya kwana da yunwa a ɗaki mai sanyi, daga bisani baiwarsa ta yi rinjaye har duniya ta san da zamansa. Labarin yana shiga rai domin ya dace da abin da muka saba faɗa, cewa bayan wuya sai daɗi. Sai dai ina ganin yana yi wa gaskiya kwaskwarima, kuma yana cutar da waɗanda ke kan hanyar a yau, domin yana nuna kamar wahalar ce ta ƙera gwanin, alhali idan aka bi tarihin mutanen a tsanake za a tarar cewa abin da ya tsamo su shi ne izinin zama, da abin kaiwa baki, da lokacin da za su zauna su yi aikinsu.

A duba rayuwar Willem de Kooning, wanda a yau ake lissafa shi cikin manyan masu zanen Amurka na ƙarni na 20. An haife shi a birnin Rotterdam na ƙasar Holan a 1904, kuma tun yana ɗan shekara 12 ya fara koyon aiki a wani kamfanin zane da ƙawata gine-gine, yana kuma zuwa makarantar zane da dare. A 1926 ya ɓuya a cikin jirgin ruwa ya shiga Amurka ba tare da takarda ba, wato abin da kafofin watsa labarai na yanzu za su kira baƙon haure. Ya yi aikin fentin gidaje, ya yi kafinta, ya yi zanen talla, kuma ya shafe kusan shekara tara a haka, yana zanen da ransa ke so ne kawai a ɗan lokacin da ya rage masa. A 1935 gwamnatin Shugaba Roosevelt ta ɓullo da wani shiri na ɗaukar masu zane aiki saboda karayar tattalin arzikin da ta addabi ƙasar, aka ɗauke shi, ya fara karɓar albashi don ya yi zane kawai. A 1937 dole ta sa ya bar shirin saboda ba ɗan ƙasa ba ne, amma wannan ɗan taƙin ya ishe shi ya yanke shawarar cewa zane ne sana'arsa. Bai yi baje kolin aikinsa shi kaɗai ba sai a 1948, yana da shekara 44, bai zama ɗan ƙasa ba sai a 1962, kuma shekara biyu bayan haka aka ba shi lambar yabo mafi girma da shugaban Amurka ke bai wa farar hula.

Abin lura a nan shi ne baiwar da horon duk da su ya sauka daga jirgi. Shekarun fentin gidaje ba su ƙara masa su ba, sun dai jinkirta shi. Zane da sassaƙa da rubutu da kiɗa sana'o'i ne masu cin lokaci kafin su fara biya, kuma mutum yakan ɓata ayyuka da yawa kafin hannunsa ya faɗa. Ɗan ƙasa mai ƙaramin ƙarfi ma yana fama da wannan, amma yana da ɗakin iyaye da zai koma, da 'yan uwan da za su ranta masa, da haƙƙin neman tallafin gwamnati. Baƙo kuwa sau da yawa yana aika kuɗi gida daga ɗan abin da yake samu, yana koyon sabon harshe, kuma rabin hankalinsa yana kan ranar da takardarsa za ta ƙare.

Ƙa'idojin shige da fice na yau sun ƙara ɗaure wannan ƙulli. Amurka tana da biza mai suna O-1 da ake bai wa waɗanda suka yi fice a fagensu, kuma mai zanen da ke neman ta sai ya kawo hujjoji irin su babbar lambar yabo, ko rubuce-rubucen da manyan jaridu suka yi a kansa, ko shaidar samun kuɗi mai kauri daga aikinsa. Birtaniya ma tana da makamanciyar hanya, inda hukumar kula da fasaha ta Ingila ke tantance mai nema kafin a ba shi izini. Ma'anar wannan ita ce ana so mutum ya yi suna kafin a ba shi damar da zai yi sunan da ita. Ɗalibin da ya gama karatun zane yana da 'yan watanni ko 'yan shekaru ƙalilan ya tara irin shaidar da de Kooning bai samu ba sai bayan shekara ashirin da biyu a ƙasar. Kuma hukumomi ba su da tarihin iya hango gwani: Pablo Picasso, mai zane ɗan ƙasar Sifen, wanda ya zauna a Faris tun 1904 kuma duniya ta riga ta san shi, ya nemi zama ɗan Faransa a 1940 aka hana shi, bisa rahoton 'yan sanda da ke zarginsa da tsattsauran ra'ayin siyasa. A yau birnin yana alfahari da gidan da aka keɓe don ayyukansa.

Akwai wata katanga da ba ta hukuma ba, wadda ta fi damuna domin masu gina ta sukan ɗauka alheri suke yi. Kasuwar fasaha tana son baƙo ya zo da labarin baƙuntarsa, ya zana yaƙin da ya guda, ko jirgin da ya hau, ko kalolin da ake zaton na ƙasarsu ne. Wanda ya ƙi shiga wannan layi yakan daɗe a waje. Carmen Herrera, wadda aka haifa a Habana ta ƙasar Kyuba a 1915, ta koma New York a 1939, ta shafe rayuwarta tana zanen layuka miƙaƙƙu da kaloli biyu ko uku, aikin da bai yi kama da abin da masu saye ke tsammani daga mace 'yar Latin Amurka ba. Ba ta fara samun kasuwa ba sai a 2004 tana da shekara 89, kuma sai a 2016 gidan nunin Whitney ya shirya mata babban baje koli, ta haura shekara ɗari. Ana yawan kawo labarinta a matsayin darasin haƙuri, ni kuwa abin da na fi gani a ciki shi ne albashin koyarwa na mijinta, wanda ya riƙe gidan shekara da shekaru har ta iya ci gaba da zane ba tare da mai saye ba. Nawa ne irinta da ba su da wannan madogara, suka ajiye buroshi suna da shekara talatin, babu wanda zai taɓa jin sunansu?

Hanyar El Anatsui ta nuna yadda lamarin yake idan aka tarbi baƙo da tabbas. Ɗan ƙasar Gana ne, ya koma Najeriya a 1975 don koyar da sassaƙa a Jami'ar Najeriya da ke Nsukka, inda ya samu albashi, da wurin aiki, da abokan sana'a da ɗalibai. Ya yi shekaru yana gwaji da yumɓu da katako kafin ya kai ga manyan ayyukan da yake haɗawa da marafan kwalba da wayar tagulla, waɗanda suka kai shi ga lambar yabo ta Zakin Zinariya a bikin fasaha na Venice a 2015. Babu ɗakin sanyi a labarinsa, kuma aikinsa bai ragu da komai ba saboda rashin hakan.

Na san abin da mai adawa zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi: masu zane 'yan ƙasa ma suna cikin matsi, kuɗin tallafi kaɗan ne, kuma idan aka sassauta ƙa'ida kowa zai kira kansa mai fasaha don ya samu shiga. Amsata ita ce baƙon da ke zaune a gari yana biyan haya da haraji kamar kowa, don haka ya dace a ɗaura tallafi a kan zama a wurin maimakon a kan fasfo. Batun masu fakewa da sana'ar kuwa, aikin hannu abu ne da ake gani, kuma ƙwararru a fagen za su iya duba shi su tantance fiye da yadda jami'in da ke ƙirga yankan jaridu zai iya. Na kuma yarda cewa ƙaura tana ba mutum wani ido na daban, domin wanda ya rayu a wuri biyu yana ganin abin da mazaunin wuri ɗaya ya daina lura da shi. Amma wannan ido nisa ne da kwatance suka samar da shi, yunwa da fargabar kora ba su da hannu a ciki.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin kowace gwamnati ko cibiya ba: izinin zama na wasu shekaru bayan karatu wanda bai ɗaure mutum ga ma'aikaci ɗaya ba, tun da yawancin masu fasaha aikin kansu suke yi, ɗakunan aiki masu rahusa, da masu shirya baje koli da za su dubi aikin kafin su tambayi ƙasar mai shi. Su kuma 'yan jarida da ke rubuta tarihin waɗannan mutane, ya kamata su riƙa tambayar wa ya biya haya a shekarun farko, wace takarda ce ta ba su damar zama, kuma wa ya fara buɗe musu ƙofa, domin matashin da ke shirin bin sawunsu waɗannan amsoshin ne za su yi masa amfani.