Ba Ruwan Gini Ne Ke Cinye Unguwannin Yamai Da Damina Ba

Duk lokacin da kogin Isa (wato kogin Neja) ya cika a Yamai, sai ka ji ana cewa ruwan Gini da Mali ne ya iso, babu abin yi sai haƙuri. Wannan magana gyara take so.

Sau biyu kogin ke cika a shekara. Ruwan Gini doguwar tafiya yake yi, ya bazu a fadamun Mali, sai wajen Janairu yake tumbatsa a Yamai, a hankali. Wanda ke yi mana ɓarna shi ne jan ruwan Agusta da Satumba, wanda kogunan Sirba da Dargol da Goruwol ke kwararowa da shi daga ɓangaren Burkina Faso. Jan launinsa ma shaida ne: ƙasar da aka sare wa itatuwa ce yake wankowa, yashin ya zauna a cikin kogi. A Satumban 2020 tsayin ruwan kogin ya kai santimita 700 a Yamai, ya fasa shingen tare ruwa na unguwar Lamorde, mutane suka koma kwana a makarantu.

Sauran kuwa aikin hannunmu ne. An yanka filaye a hanyar ruwa, an yi gini a bakin Gunti Yena, kwarin da ya ratsa birnin, magudanai sun toshe da leda da yashi. Talaka ba don son ransa yake zama a kwari ba. Nan ne kuɗinsa suka kai, shi ya sa korarsa kaɗai ba magani ba ce. Ya kamata ma'aikatar magajin gari ta yashe magudanai tun kafin Yuni, ta hana sayar da filin kwari, ta kuma zauna da masu unguwanni da matan unguwannin Saga da Kirkisoye, don su suka san inda ruwa ke fara shigowa.