Gyaran hoto a takardar binciken cutar kansa ba janyewa ba ne

Wasu da zarar sun ji an gyara hoto a takardar binciken cutar kansa sai su ce shi ke nan, duk aikin ƙarya ne. A'a fa, gyara daban janyewa daban. Wani lokacin hoton ɓera ɗaya ne aka liƙa sau biyu, ko aka musanya hotunan ƙwayoyin halitta, to in ainihin bayanan gwajin suna nan kuma sakamakon bai canza ba sai mujallar ta buga gyara kawai, in kuwa sakamakon ya daina tsayuwa sai a janye takardar. A Janairun 2024 wani masanin kimiyya mai suna Sholto David ya tono irin waɗannan hotuna a takardun cibiyar binciken cutar kansa ta Dana-Farber da ke Boston a Amurka, cibiyar ta nemi a janye 6, a gyara 31.