Ba kowane maganin feshi ke kashe ƙwari ba

Mutane da yawa sun ɗauka maganin feshi duk ɗaya ne, da ka fesa, duk abin da ke damun shuka zai mutu. Ba haka abin yake ba. Akwai maganin ƙwari, irin su saifametirin, mai lalata jijiyoyin ƙwaro. Akwai na ciyawa, kamar gilaifoset, wanda bai san ciyawa da amfanin gona ba. In ya taɓa ganyen shukarka ita ma bushewa za ta yi. Sai na cutar fumfuna, kamar mankozeb. Wanda ya fesa maganin ƙwari a kan ganyen da fumfuna ta kama, asarar kuɗi kawai ya yi.

Ruɗanin da ya fi yawa yana jikin kwalba. Babban sunan da ke gaba na kamfani ne, abin dubawa shi ne sinadarin da ke aiki, wanda galibi ake rubutawa da ƙananan haruffa. Kwalabe biyu masu suna daban na iya ɗauke da sinadari guda. Sai manomi ya ce ya canza magani, alhali ƙwarin da suka saba da na farko ba za su ji na biyun ba.