Ƙwayoyin Ɗaukar Maganin Daji Ba Sa Neman Ƙari da Kansu

Mutane da yawa suna zaton ƙananan ƙwayoyin da ake ƙerawa don ɗaukar maganin ciwon daji suna gane ƙari, su nufe shi kai tsaye. Ba haka abin yake ba. Jini ne ke yawo da su, hanta da saifa kuma suna tace mafi yawansu. Wani nazari na 2016 ya nuna cewa a gwaje-gwajen dabbobi kusan kashi 0.7 cikin ɗari kaɗai ke isa ƙarin. Babban amfaninsu shi ne rage illa, kamar yadda Doxil, wato maganin daji mai suna doxorubicin da aka saka cikin irin waɗannan ƙwayoyin, wanda Amurka ta amince da shi a 1995, ke sassauta lahanin da doxorubicin ke yi wa zuciya. Akwai kuma manyan ƙwayoyin ɗaukar magani; su kuwa, likita ne da kansa ke tura su ta siririn bututu zuwa jijiyar da ke ciyar da ƙarin hanta.