Famfon feshi a lambun shaƙatawa: a gina shi inda talaka zai zauna

Jama'a ina so muyi magana akan famfon feshin nan da ake ginawa don ado a lambunan gwamnati da shataletale. Duk sanda aka buɗe sabo abin da zaka fara ji shine wai ruwan sha ma bamu samu ba za'a zo ana mana wasa da ruwa. Wallahi ina fahimtar mai wannan maganar, mutumin da kullum da safe sai ya tsaya jiran ɗan garuwa ya sayi jarka dole abin ya masa ciwo. Amma ni dai ban yarda cewa famfon ne ya shanye masa ruwa ba, kuma ina goyon bayan a gina, sai dai da sharaɗi.

Da yawa basu san yadda abin yake aiki bane. Ba wai an buɗe bututu ruwa yana ta zuba yana tafiya kwata ba, a'a, kwarmi ne ake cikawa sau ɗaya, akwai inji a ƙasa da yake zuƙo ruwan ya tura shi sama ya faɗo ya sake zuƙowa, ruwan nan dai ɗaya ne ke ta zagayawa. Abin da ake asara shine wanda rana ta busar da wanda iska ta kwasa, sai kuma in kwarmin yana yoyo. Kuma wanda ranar take busarwa ɗin ma ba a banza ya tafi ba, shine yake sanyaya iskar wurin, kamar dai yadda randar ƙasa take tsatsafo ruwan cikinta yayi sanyi. To ka duba watan Maris da Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri da zafi yake haura digiri 40, ga ba wuta, ɗaki ya zama tanda, mai kuɗi ya kunna janareta ya shige cikin esi, talaka fa ina zashi da yaransa?

Wanda ya taɓa zuwa Millennium Park a Abuja lokacin sallah ya san abin da nake faɗa. Tun Disambar 2003 Sarauniyar Ingila Elizabeth ta buɗe shi zamanin Obasanjo, wani ɗan Italiya Manfredi Nicoletti ne ya zana shi da doguwar hanya da jerin famfunan feshi, magidanci ya kwaso iyalinsa a shimfiɗa tabarma a ciyawa, yara suna ta guje-guje a bakin ruwa. Ga Unity Fountain nan kusa dashi mai ɗauke da sunayen jihohin ƙasar nan, a nan masu fafutukar a dawo da 'yan matan Chibok suka rinƙa zama tun 2014. Wurin da jama'a suke iya taruwa kenan su zauna, kuma gari yana buƙatar irinsa.

Abin da yake ƙona min rai shine yawancin namu a tsakiyar shataletale ake dasa su, motoci da adaidaita suna zagayawa, an kewaye da ƙarfe, ba benci ba bishiya ba hanyar tsallakawa, in yaro yace zai je ya gani ma sai dai ka riƙe masa hannu kar mota ta kaɗe shi. To wa aka ginawa? Na cikin mota mai gilas a rufe da zai wuce cikin daƙiƙa biyar? Ranar buɗewa an kunna fitilu kala-kala an yanka kyalle an ɗauki hoto, ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa ya tafi, babu wanda aka ɗorawa alhakin wankewa, babu kuɗin dizal a kasafi, babu injin ajiya ko ɗaya. Hunturu ya shigo ƙura ta toshe matatar ruwan, inji ya ƙone, ruwa ya tsaya yayi kore shar da gansakuka, ledar fiya wata ta cika shi. Kuma nan ne abin ya tashi daga rashin kyau ya koma cuta, don sauro baya son ruwa mai motsi amma da ya kwanta zai zuba ƙwai, cikin kwana 10 ko ƙasa da haka a lokacin zafi sun zama sauro masu cizo. Da kuɗin jama'a an ginawa maleriya gida a tsakiyar gari, haba don Allah!

Masu cewa wannan al'adar Turawa ce su ma su sake dubawa. Musulmin Andalus a fadar Alhambra ta Granada a ƙasar Sifen tun ƙarni na 13 suka janyo ruwa daga kogin Darro ta magudana daga kan tudu, ba inji ba lantarki, gangara kawai suka lissafa, daga baya a ƙarni na 14 akayi famfon nan mai zakuna 12 na marmara da har yau mutane ke tururuwar zuwa gani. Alhazanmu kuma sun san na Sarki Fahad a Jidda da aka buɗe a 1985, yana cilla ruwa sama fiye da mita 250, kuma ruwan gishiri ne na Bahar Maliya, basu taɓa na sha ba. Kowa ya duba abin da ƙasarsa take dashi ne yayi dabara akai. Mu rana ce Allah ya hore mana, me zai hana ƙaramin inji mai aiki da sola? Lokacin da ranar ta take lokacin yake feshi, kuma lokacin ne ake buƙatar sanyin.

Ni ba sai anyi ƙato mai kiɗa da rawa irin na Dubai ba. A samu fili a cikin unguwa, a dasa darbejiya da mangwaro, a zuba bencina, kwarmin ya zama mara zurfi yadda ko yaro ya faɗa ba abin da zai same shi, a gefe a saka famfon ruwa mai tsafta na sha da alwala don duk wanda ya zauna har la'asar zai nema. Sannan tun a takardar kwangila a rubuta wanda zai rinƙa wankewa duk sati da wanda zai canja inji in ya lalace da inda albashinsu zai fito na shekara biyar. In gwamna ko ciyaman yasan ba zai iya wannan ba to ya bar kwarmin kawai, ya haƙa mana burtsatse da kuɗin ya dasa bishiyoyin.